Duwatsun Murhu Uku: Sabon Aikin Da Ke Jiran 'Yanmatanmu

Daga wata malamar makaranta, Gyallesu, Zariya

 

In kika tambayi yarinya 'yar sakandare abin da ta ke so ta zama, amsar ba ta cika wuce huɗu ba: malama, ko nas, ko likita, ko lauya. Duka ayyuka ne na mutunci, babu na yarwa a cikinsu. Amma yau ina so mu tattauna a kan wani aiki dabam, wanda iyayenmu ba su san shi ba, don kuwa bai daɗe da bayyana ba. Aiki ne da ya haɗa abu uku: sasanta jama'a don a zauna lafiya, da raya ƙasashe matalauta, da kuma sa ido a kan na'urorin nan masu ƙirƙirarriyar basira don kada su cuci bayin Allah. Kowace mace ta san tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. To, haka wannan aiki ya ke, sai ukun nan sun haɗu.

Wace aba ce ƙirƙirarriyar basira?

Kada sunan ya ba ku tsoro. Wata dabara ce ta koya wa kwamfuta yin aikin da a da sai mai hankali ke yinsa, kamar gane fuska, ko fassara magana, ko amsa tambaya, ko zaɓen wanda ya cancanci a ba shi wani abu. Yadda a ke koya mata kuwa ya yi kama da yadda yaro ke koyon magana. Ba a zaunar da yaro a karanta masa nahawu. Ji ya ke yi, yau da gobe, har bakinsa ya buɗe. Ita ma na'urar a kan tara mata misalai dubbai, ko ma miliyoyi, na hotuna ko rubutu ko murya, ta yi ta bi tana auna abin da ya yi kama da wani, har ta iya cankar amsa in an kawo mata sabon abu. Sai dai fa ba ta da imani, ba ta da kunya, ba ta san ya-kamata ba. Abin da aka ɗura mata shi ta ke amayarwa. Yaron da ya tashi a gidan da a ke ashar, ai ashar zai fara iyawa.

Kuma abin ya riga ya shigo ɗakunanmu. Duk mai buɗe Facebook ko TikTok, wannan basira ce ke zaɓar mata abin da za ta fara gani. Tun 2013 kamfanin Google ya sa Hausa cikin harsunan da na'urarsa ke fassarawa. A ƙarshen 2022 aka fito da ChatGPT, wanda a ke yi wa tambaya ya ba da amsa kamar mutum, har mu malamai mun fara ganin aikin gida wanda shi ya rubuta wa ɗalibi. Yanzu ma akwai na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum, ko su haɗa hotonsa yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

Dutse na farko: zaman lafiya

Mu mutanen Zariya ba sai an ba mu labarin tashin hankali ba. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, rikici ya ɓarke a jihohi 12 na Arewa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum fiye da 800 suka rasa rayukansu cikin kwana uku, jiharmu ta Kaduna kuwa ita ta fi jin jiki. A watan Disamba na 2015 kuma, a nan Zariya, har da unguwarmu ta Gyallesu, aka yi arangamar sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim El-Zakzaky. Hukumar binciken da gwamnatin jiha ta kafa ta ce mutum fiye da 340 suka mutu. Ko wane ɓangare mutum ya ke, ya san in ƙura ta lafa, mata a ke bari da takaba da marayu. Shi ya sa Hausawa suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

A da, jita-jita da ƙafa ta ke tafiya, daga bakin rijiya zuwa gidan biki, kafin ta isa wani gari ta huce. Yanzu kuwa kafin ki sauke tukunya ta kai Legas. Ku tuna daren nan na watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, da aka yi ta tada mutane ta waya ana cewa su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha. An rasa rai aƙalla biyu, wasu suka kwanta asibiti.

Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da ya auku a jihar Filato a watan Yuni na 2018. An yi kashe-kashe da gaske a yankin Gashish, amma cikin hotunan da aka yi ta yaɗawa a Facebook akwai waɗanda ba su da nasaba da wurin ko kaɗan. Wani ma daga ƙasar Kongo-Barazabil ya fito, ba Kongon nan tamu ta Zariya ba, kuma an ɗauke shi tun 2012. Kashegari matasa suka tare hanya, aka fitar da mutum 11 daga motoci aka kashe. Binciken da gidan rediyon BBC ya yi a shekarar ya nuna 'yan sandan jihar na ganin hotunan ƙaryar nan sun ƙara wa wutar mai. Ya kuma nuna a lokacin mutum huɗu kacal ke tantance wa Facebook labaran Nijeriya, alhali masu amfani da shi a ƙasar sun kai miliyan 24 a wata. A ƙasar Myanmar ma haka aka yi. Daga 2017 Musulmi 'yan ƙabilar Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce an yi amfani da Facebook wajen hura wutar ƙiyayya, kamfanin da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba.

Wata za ta ce, to ina ruwan na'ura a ciki? Ai ta yi ruwa ta yi tsaki. An koya mata ta riƙa tura wa jama'a abin da ya fi riƙe idonsu, abin tada hankali kuwa shi ya fi riƙe ido. Har wa yau ita aka ɗora wa aikin tsince maganganun ɓatanci, ga shi Turanci aka fi ɗura mata, Hausar da ta ji ba ta taka kara ta karya ba. Ta yaya za ta gane habaici da gugar zana? Bakano ya tsokani Bazazzagi da wasan da ke tsakaninsu tun kaka da kakanni, ta ɗauka faɗa ne. Wani kuma ya lulluɓe mugun nufi da daɗin baki, ta bar shi ya wuce.

Alhamdu lillahi, 'ya'yanmu sun fara tashi tsaye. A 2022 wasu masana, cikinsu har da na Jami'ar Bayero ta Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello, a ƙarƙashin jagorancin Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad, suka tara saƙonnin Twitter wajen 30,000 a kowane ɗaya daga harsuna huɗu na Nijeriya, har da Hausa, mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suna bayyana na yabo da na suka, don na'ura ta koya. Sunan aikin NaijaSenti. A 2025 kuma aka fito da AfriHate, wanda ya tara maganganun ƙiyayya da na cin mutunci a harsunan Afirka 15. Masu jin harshen tun daga nonon uwa su suka yi aikin tantancewar. In dai gane magana mai harshen damo ne, na tabbata matan Hausawa ba za a bar su a baya ba. Wadda ta zauna gidan yawa ta san abin da na ke nufi.

Dutse na biyu: raya ƙasa

Aikin raya ƙasa shi ne ƙoƙarin da gwamnatoci da ƙungiyoyin duniya ke yi don talaka ya sami asibiti, da makaranta, da ruwan sha, da abin kai wa baka. Babbar matsalarsa kullum ita ce: ga taimako kaɗan, ga mabukata da yawa, wa za a ba?

Bari in ba ku misali daga Togo, ƙasar da Hausawa fatake suka daɗe da saninta. A watan Afrilu na 2020, da cutar korona ta hana mutane fita neman abinci, gwamnatin ƙasar ta ɓullo da wani shiri mai suna Novissi na tura wa talakawa kuɗi ta waya. Mace ce ta jagoranci aikin, watau minista Cina Lawson. Mata ma sun fi maza samu: mace na karɓar sefa 12,250 a wata, namiji 10,500, sabo da an san kuɗin da ya shiga hannun uwa a tukunya ya ke ƙarewa. Da aka zo kai taimakon ƙauyuka, babu cikakkiyar rijistar da ta nuna wane ne talaka. Sai suka haɗa kai da ƙungiyar GiveDirectly da masanan wata jami'a ta Kalifoniya a Amurka. Suka sa na'ura ta duba hotunan tauraron ɗan'adam, ta ga irin rufin gidaje da hanyoyi, ta fitar da gundumomi 100 mafiya talauci. Sa'an nan ta duba yadda mutane ke amfani da waya, kamar yawan katin da su ke sawa da tsawon kiran da su ke yi, ta canki waɗanda hannunsu bai kai baka ba. Sakamakon da aka buga a mujallar Nature a 2022 ya nuna dabarar ta rage yawan mabukatan da a ke tsallakewa, in an gwada da raba kuɗi bisa yanki kawai.

Abin ya yi kyau. To amma ku tsaya mu yi tunani irin namu na cikin gida. Gidaje nawa ne waya guda ce, kuma tana aljihun maigida? Tsohuwar da ba ta da waya fa, na'ura ta san da zamanta? Matar da ke aron wayar maƙwabta fa? Wanda bai taɓa shiga lungu ba, ba zai yi wannan tambaya ba. Dole sai an sami wadda ta san yadda a ke zaune a gidajenmu ta zauna tare da masu tsara shirin tun daga farko.

Kuma mun ga abin da rashin yarda ke jawowa. A 2003 aka dakatar da allurar shan-inna a Kano sabo da zargin an sa mata abin hana haihuwa, ba a koma ba sai tsakiyar 2004, cutar kuwa ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Da me aka shawo kan abin? Da sarakuna, da malamai, da mata masu bi gida-gida suna shiga har ɗaka suna bayani. Sai a watan Agusta na 2020 aka ba da shaidar cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Komai kyan magani, in jama'a ba su amince ba, a kwali zai lalace.

Dutse na uku: ladubban na'ura

Abin da na ke nufi da ladubba shi ne ƙa'idojin da za su hana a yi zalunci da wannan basira. Manyansu uku ne: adalci, da neman izini, da sanin wanda za a kama in an yi ɓarna.

Game da adalci, wasu mata biyu 'yan asalin Afirka suka buɗe wa duniya ido. A 2018 Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Gana ne, da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, suka gwada na'urorin gane fuska na manyan kamfanoni uku. Suka nuna musu hotunan 'yan majalisa na ƙasashe uku na Afirka da uku na Turai, su faɗi mace ce ko namiji. A kan fararen maza, kuskuren bai kai 1 cikin 100 ba. A kan baƙaƙen mata kuwa ya kai kusan 35 cikin 100. Irin wannan na faruwa ne in hotunan da aka koya wa na'ura da su galibi na fararen fata ne. Ku duba fa, in da irin wannan na'ura za a tantance mai karɓar taimako, ko a nemi mai laifi, wa za ta fi cuta? Mai irin fuskata da taki.

Game da neman izini, mutanen Kano ba su manta da 1996 ba. A lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani da yara wajen 200, yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, ya musa laifi, amma a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Yau abin da a ke ɗiba a wurin talaka har da hoton fuskarsa, da zanen yatsarsa, da muryarsa. A 2021 Human Rights Watch ta zargi hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da cewa bayanan 'yan Rohingya da ta tara sun kai hannun gwamnatin da suka gudo wa, ba tare da sun fahimci haka za a yi ba. Hukumar ta musa. Ko ma dai yaya ne, mai jin yunwa da aka ce ya dangwala yatsa kafin a ba shi hatsi, da wuya ya ce a'a. Sai an sami mai tsaya masa.

Duniya ta fara kafa dokoki. A watan Nuwamba na 2021 ƙasashe 193 na hukumar UNESCO suka amince da shawarwari kan ladubban ƙirƙirarriyar basira. A watan Yuni na 2023 Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da za ta tsare ta. A watan Yuli na shekarar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi zamansa na farko a kan wannan basira. A 2024 Tarayyar Afirka ta fito da nata tsarin. Amma doka a takarda ta ke, sai an sami ma'aikata masu ilmi da tsoron Allah kafin ta yi aiki.

Wadda ta riga ta share hanya

Kada wata ta ce wannan ai sai matan Turai. Ga Hajiya Amina Mohammed nan, 'yar jihar Gombe. An haife ta a 1961 a Ingila, mahaifinta likitan dabbobi ne, mahaifiyarta Baturiya ce nas, ita ce babba cikin 'ya'ya mata biyar. Ta yi firamare a Kaduna da Maiduguri. Ba da babban ofis ta fara ba. Daga 1981 ta yi shekara goma a wani kamfanin zanen gine-gine, ana tsara makarantu da asibitoci, a nan ta ga irin halin da talakan karkara ke ciki. A 2005, da ƙasashen da ke bin Nijeriya bashi suka yafe dala biliyan 18, ita aka ɗora wa kula da kuɗin da aka keɓe don Muradun Ƙarni, wajen dala biliyan 1 a shekara, na ilmi da lafiya da ruwan sha. A 2012 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Ban Ki-moon ya ɗauke ta mai ba shi shawara, ta taimaka ƙwarai wajen haɗa kan ƙasashe har aka amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa a 2015. Ta dawo gida ta yi ministar muhalli, a 2017 kuma ta zama Mataimakiyar Babban Sakatare. A watan Janairu na 2023 ita ta jagoranci tawaga zuwa Afganistan, ta zauna da 'yan Taliban a kan hana mata karatu da aiki. Tana kan wannan muƙami a watan Satumba na 2024 lokacin da shugabannin duniya suka amince da yarjejeniyar da ta shafi intanet da ƙirƙirarriyar basira. Duk wannan fa, uwa ce mai 'ya'ya shida.

Ba ita kaɗai ba ce. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf a nan Jami'ar Ahmadu Bello ta karanta kimiyyar siyasa, ta zama editar jaridar Sunday Triumph a Kano da New Nigerian a Kaduna, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985, ta kuma yi aikin kyautata zama tsakanin Musulmi da Kirista har Allah ya karɓi ranta a turmutsitsin Mina a 2015. Allah ya jiƙanta. Dakta Fatima Akilu, masaniyar halayyar ɗan'adam, ta kafa gidauniyar Neem mai kwantar wa waɗanda rikicin Boko Haram ya taɓa hankali. Hajiya Hamsatu Allamin, malamar makaranta daga Maiduguri, ta tsaya gaban Kwamitin Sulhu a 2015 ta faɗi halin da matan Borno ke ciki. Shi wannan kwamiti tun a shekarar 2000 ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325, wanda ya ce lalle a sa mata cikin shawarar sulhu. In muka waiwaya baya kuma, ga Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Bayan yaƙe-yaƙen jihadi ta naɗa jajoji suna bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, abin da a ke kira 'yan taru. Ashe ɗinke ɓarakar jama'a da ilmi gadonmu ne. Abin da ya rage shi ne a sami 'yanmatan da za su haɗa wannan gado da sanin na'ura.

Ke 'yar makaranta, ta ina za ki fara?

Na farko, kada ki guji lissafi. Na san yadda 'yanmata ke sunkuyar da kai in malamin lissafi ya shigo, amma ita wannan basira da lissafi aka gina ta, musamman ilmin ƙididdiga. Na biyu, ki riƙe Turanci, ki kuma riƙe Hausa da kyau, da rubutunta da karin maganarta. Hausar nan da wasu ke rainawa ita ce jarinki, don Bature ba zai iya yi miki ita ba. In kin sami Larabci ko Faransanci, ƙari ne babba, tun da maƙwabtanmu na Nijar da Faransanci aka san ofisoshinsu. Na uku, ki kula da tarihi da ilmin addini, don a nan a ke koyon abin da ke haɗa mutane faɗa da abin da ke raba su.

Mu 'yan Zariya kuwa Allah ya kawo mana abin har ƙofar gida. Daga Gyallesu zuwa Kongo, inda a ke karatun lauya da na mulki, tafiyar ƙafa ce. A Samaru akwai sashen kwamfuta, da na kimiyyar siyasa, da na harsunan Afirka. Ba a bukatar mutum guda ya haɗiye ilmin duka. Wata ta shigo ta ƙofar kwamfuta ta ƙaro sanin sulhu, wata ta shigo ta ƙofar lauya ko koyarwa ta ƙaro sanin na'ura. Jami'ar Ibadan na koyar da ilmin zaman lafiya da sasanta rikici, haka ma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda matar aure za ta iya karatu a cikinta tana ɗakinta. Akwai kuma Arewa Data Science Academy da wasu masananmu suka kafa don koya wa matasan Arewa wannan fanni ta intanet.

Amma fa in faɗa muku gaskiya, hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji ta USAID, ma'aikata da yawa a ƙasashen Afirka suka rasa aiki. Wadda ta dogara ga ƙungiyoyin waje kaɗai, ta jingina da zana. Ita ma Timnit Gebru rabuwa ta yi da Google a 2020 bayan saɓani a kan wani bincike da ta yi, sai da ta kafa cibiyarta a 2021. Mai faɗa wa manya gaskiya sai ta shirya wa baƙin jini. Ga tafiye-tafiye, ga ganin abin tausayi. Sabo da haka a nemi ilmi mai tushe, wanda zai ci da mutum ko a jami'a, ko a ma'aikatar gwamnati, ko a gidan jarida, ko a aji.

Ke uwa, ga naki rabon

Ba sai kin je jami'a ba kafin ki shiga wannan aiki. In saƙo ya shigo wayarki yana cewa an kashe mutanenmu a wuri kaza, ki tura wa kowa, to ki dakata. Wa ya faɗa? Yaushe? Kin ji a rediyo? In har saƙon ya sa jininki ya tafasa nan take, wannan ma dalili ne na ki ƙara jinkirtawa. Addini ya umurce mu da bincike in an zo mana da labari. Ko muryar wani malami ko basarake kika ji, ki tuna yanzu ana iya ƙirƙirar murya.

In an zo gida ana rubuta sunaye, ana ɗaukar hoto ko zanen yatsa, ki yi tambaya cikin ladabi: su wane ne, me za a yi da shi, wa zai gani? Haƙƙinki ne, doka ta ba ki. Kada ki karanta wa kowa lambobin asusunki na banki ta waya, komai daɗin bakinsa. Ki kuma kula da hotunan 'ya'yanki mata, don hoton da ya fita ba ya dawowa.

Daga ƙarshe, ki bar yarinya ta yi karatu. In kin ga tana da kai, ki rage mata talla da aikin gida lokacin jarrabawa. Ki sami maigida lokacin da ya ci ya huta, ki nuna masa da lalama cewa ilmi ba ya hana aure, ga misalai nan na kawo. In maneminta ya fito, a yi maganar ci gaba da karatu tun kafin a ɗaura, a gaban waliyyai, kada a bari sai an kai ta ɗaki. Ana can ana tsara na'urorin da za su yanke hukunci a kan wa za a ba taimako, wa za a ba rance, maganar wa za a bari ta yaɗu. In babu 'ya'yanmu a wurin, za a yi mana aski ne ba mu nan.

Ina maraba da wasiƙunku a kan wannan batu, musamman 'yan makarantar da ke da tambaya game da darussan da za su zaɓa. Allah ya ba mu zaman lafiya a Zazzau da Nijeriya baki ɗaya, ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.